Daga Houston Zuwa El Paso: Dokar da Ke Kai Ruwa Famfo

Babbar hanyar da ta ratsa jihar Teksas ta Amurka, daga iyakarta ta gabas zuwa birnin El Paso, ta kai kusan kilomita 1,400. Wanda ya bi ta zai ga ƙasa tana bushewa a gaban idonsa. A gabas, wajen Beaumont, ruwan sama yakan kai milimita 1,500 a shekara. Dausayi ne ko'ina, ga gonakin shinkafa, ga dogayen itatuwa. Kafin ka yi nisa da San Antonio itatuwan sun gajarce sun koma ƙaya. A El Paso kuwa abin da ke sauka a shekara bai cika milimita 250 ba, bai ma kai na Tahoua ba. Jiha guda ce, girmanta ya kai kashi uku cikin huɗu na Nijeriya, mutanenta sun haura miliyan 30, wani ɓangarenta yana kukan ambaliya, wani yana kukan fari.

Abin da bai canza ba tun daga gabas har yamma shi ne tankin ruwa. Kowane gari, ko mai mutum dubu ɗaya ne, yana da nasa a tsaye bisa dogayen ƙafafun ƙarfe, an rubuta sunan garin ɓaro-ɓaro a jikinsa, wani lokaci har da sunan ƙungiyar wasan makarantar sakandarensu. Inji ne ke tura ruwa sama, nauyin ruwan kuma ya kora shi gidaje ko da wuta ta ɗauke. Wanda ya tashi inda ƙarar kurar 'yan garuwa ke tada mutane tun asuba ba zai rasa tambaya ba: ƙauyen da bai kai unguwa ɗaya a Kano ba, ina ya samo kuɗin rijiya da matata da tanki da bututu?

Jagorana a wannan tafiya abokin mahaifina ne, injiniya da ya ƙarar da shekarun aikinsa a harkar ruwa a yankin Houston, yanzu ya yi ritaya. Baffa nake ce masa. Da na yi masa tambayar sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, daina kallon tankin nan. Ƙarfe ne, ko a gida ana ƙera irinsa. Abin kallon yana Austin, cikin takarda. Amma bari ka fara ganin abin da takardar ta haifa."

Birnin da ƙasa ta lotsa da shi

Daga Houston muka fara. Tun farkon ƙarni na 20 birnin da matatun mansa suka dogara da rijiyoyin burtsatse. Suna zuƙar ruwa, lakar da ke ƙarƙashi tana matsewa, ƙasa tana lotsawa a hankali. Baffa ya kai ni Baytown, bakin gaɓar teku, inda a da akwai wata unguwar masu hali da ake kira Brownwood. Unguwar ta nutse kusan mita uku, har ruwan teku ya riƙa shiga gidaje, sannan guguwar Alicia ta 1983 ta ƙarasa ta. Yau wurin ya koma gandun tsuntsaye, sai ɓurɓushin tituna da harsashin gidaje a cikin ciyawa. Duk wanda ya san yadda kowane mai hali a biranenmu ke haƙa burtsatse a tsakar gidansa ba tare da lissafin kowa ba, wurin nan zai ba shi abin tunani.

A 1975 majalisar dokokin jihar ta kafa hukuma ta musamman domin dakatar da nutsewar ƙasa a gundumomin Harris da Galveston. Hukumar ta wajabta wa garuruwa su rage dogaro da rijiya, su koma ruwan kogi da na tafki. Faɗar hakan ba wuya, aikatawar ce tsada. Sai da aka haƙa hanyar Luce Bayou wadda ke janyo ruwan kogin Trinity zuwa tafkin Houston. Sai da aka shiga faɗaɗa matatar ruwa ta arewa maso gabashin birnin, daga lita kusan miliyan 300 a rana zuwa biliyan 1.5. Sai kuma bututan da za su raba ruwan ga unguwannin bayan gari, wasunsu mutum zai miƙe tsaye a ciki ya ɗaga hannu bai taɓa sama ba. Aiki ne na dala biliyoyi, kuma kaso mai tsoka na kuɗin rance ne daga wani asusun jiha mai suna SWIFT. Sunan asusun nan ya yi ta bin mu har ƙarshen tafiya.

Abin da fari ya koya musu

Austin ce hedikwatar jihar. Ginin majalisa na jan dutse, wanda aka kammala a 1888, yana tsaye a kan tudu, kuma 'yan taku kaɗan a arewacinsa akwai wani ginin ofisoshi da ba wanda zai waiwaya don kyansa. A nan Hukumar Bunƙasa Ruwa ta Teksas take.

Fari ne ya haifi hukumar. Daga 1950 zuwa 1957 sama ta ƙi, har aka ayyana gundumomi 244 cikin 254 na jihar a matsayin yankunan bala'i. Makiyaya suka riƙa ƙone ƙayar wani tsiron hamada don shanu su iya ci. Gonaki kusan 100,000 suka ɓace daga lissafi tsakanin 1950 da 1960, masu su suka koma birni. A watan Janairun 1957 Shugaba Eisenhower ya zo San Angelo da kansa don ya ga ɓarnar. Watanni kaɗan bayan haka ruwa ya ɓarke, fari ya ƙare da ambaliya. Da ƙarfe yana da zafi suka dake shi: a wannan shekarar majalisa ta kafa hukumar, jama'a kuma suka jefa ƙuri'ar amincewa da sayar da takardun lamuni na dala miliyan 200 domin a riƙa ba garuruwa rancen aikin ruwa.

Mu ma mun san irin wannan farkawa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsun ruwa birjik a tsohuwar jihar Kano, aka kammala ta Tiga a 1974 ana tsaka da farin Sahel, kuma har gobe ana cin moriyarsu. Teksas ma ta gina madatsu da dama bayan farinta. Abin da ta ƙara a kai shi ne asusu da hukuma waɗanda ba su rataye a wuyan gwamna guda ba.

Mataki na biyu ya zo a 1997, bayan wani farin, lokacin George W. Bush yana gwamna. Doka ta raba jihar shiyya 16, kowace da kwamitin tsara ruwa da ya haɗa wakilan birane, gundumomi, manoma, masana'antu, kamfanonin lantarki, ƙananan 'yan kasuwa, masu kare muhalli da sauran jama'a. Aikin kowane kwamiti shi ne amsa tambaya ɗaya: idan fari mafi muni da aka taɓa gani ya dawo, daga ina kowane gari zai sha ruwa nan da shekara 50? Duk shekara biyar ana sabunta amsar, a ɗinke na shiyyoyin ya zama tsarin jiha. Tsarin 2022 ya yi hasashen mutanen jihar za su tashi daga miliyan 29.7 a 2020 zuwa miliyan 51.5 a 2070, alhali ruwan da ke hannu zai ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Ayyukan da aka lissafa don cike giɓin sun kai dala biliyan 80.

Shekaru suka yi ta tafiya ana da tsari ba isasshen kuɗi. Sai 2011 ta zo, shekarar da ba a taɓa rubuta busasshiya kamarta ba a tarihin jihar. Noma da kiwo suka yi asarar sama da dala biliyan 7. Gobarar daji a Bastrop ta cinye gidaje fiye da 1,600. A farkon 2012 rijiyoyin wani ƙauye mai suna Spicewood Beach, kusa da Austin, suka ƙafe, aka koma kawo musu ruwa a tanka. A zaman majalisa na 2013 ɗan majalisar wakilai Allan Ritter da Sanata Troy Fraser suka jagoranci ƙudurin kafa SWIFT, Gwamna Rick Perry ya sa hannu. Da yake abin ya shafi kundin tsarin mulkin jihar, sai da aka kai shi gaban jama'a. A watan Nuwamban 2013 kusan kashi 73 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka yarda a ɗebi dala biliyan 2 daga asusun ajiyar jihar, wanda harajin mai da iskar gas ke cikawa, a zuba a sabon asusun.

Yadda kuɗin ke juyawa

A nan ne na ga hikimar da ta fi burge ni. Dala biliyan 2 ɗin ba a raba ta kwangila-kwangila ba. An ajiye ta jari tana haihuwa. Hukumar ruwa takan sayar da takardun lamuni a kasuwa, kuma da yake masu auna bashi sun ba takardun daraja mafi girma, takan samo kuɗi da arha fiye da yadda ƙaramin gari zai samo da kansa. Sai ta ba garuruwa rance, asusun kuma ya ɗauke musu wani kaso na ruwan bashin. Ana iya biya cikin shekara 30. Idan aikin yana matakin zane da neman izini, ana iya jinkirta fara biya. Idan kuma garuruwa sun haɗu za su gina abin da ya fi bukatarsu ta yau don jikokinsu, jiha takan sayi rarar ta riƙe, su fanshe ta sannu a hankali yayin da masu shan ruwa ke ƙaruwa. Da wannan dabara aka yi lissafin cewa biliyan 2 za ta tallafi rancen dala biliyan 27 cikin shekara 50. A zagayen farko kaɗai, a 2015, an amince da ayyuka na kusan biliyan 3.9.

Baffa ya taƙaita mini shi da cewa, "Adashi ne, ɗana. Wanda ya kwasa yau dole ya ci gaba da zubi, don na bayansa ma ya kwasa. Bambancin kawai, uwar adashin nan doka ta ɗaure mata hannu."

Ɗaurin kuwa ba na wasa ba ne. Aikin da ba ya cikin tsarin ruwa na jiha ba zai ga ko sisi daga SWIFT ba, komai girman wanda ya kawo shi. Dokar ta nemi hukumar ta karkata aƙalla kashi 20 cikin ɗari ga ayyukan tsimin ruwa da sake amfani da shi, kashi 10 kuma ga karkara da noman rani mai tattalin ruwa. Shugabannin hukumar mutum uku ne masu cikakken aiki, gwamna ke naɗa su daga sassa daban-daban na jihar: ɗaya masanin injiniyanci, ɗaya masanin kuɗi, ɗaya masanin shari'a ko kasuwanci. Ana wallafa ma'aunin da ake jera ayyuka da shi, kamar yawan mutanen da za su amfana, da gaggawar bukata, da abin da garin ya zuba daga aljihunsa.

Zamansu a buɗe yake, kowa na iya shiga, na kuwa shiga. Ba kiɗa, ba kirari, ba jawabin godiya ga mai girma. Ma'aikaci ya tashi ya karanto sunan gari, abin da yake nema, asusun da za a ciro, da yadda zai biya. A yi tambaya ɗaya ko biyu, a kaɗa ƙuri'a, a wuce na gaba. A jerin akwai manyan birane, akwai ƙauyukan da sai Baffa ya nemo mini su a taswira. Magajin wani ƙaramin gari ya zo da hularsa ta makiyaya a hannu, ya yi godiya cikin jimla biyu ya zauna. Bai zo a matsayin mai roƙo ba, don ya san garinsa ne zai biya.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da asusun ya haifa yana gundumar Fannin, arewa maso gabas da Dallas: tafkin Bois d'Arc, babban tafki na farko da aka gina a jihar cikin kusan shekara 30. An fara aikin a 2018, ruwansa ya fara isa famfo a 2023, kuma kusan dala biliyan 1.5 na kuɗinsa rancen SWIFT ne.

Mai karatu Musulmi zai tsaya a kan maganar ruwan bashi, kuma da gaskiyarsa. Sai dai ginshiƙin tsarin ba shi ne ruwan bashin ba. Ginshiƙin shi ne kuɗi su fita su dawo su sake fita. Hanyoyin yin hakan ba tare da riba ba suna nan, kuma ba baƙi ba ne a wurinmu: jihar Osun ta fitar da sukuk a 2013 don gina makarantu, gwamnatin tarayyar Nijeriya ta fitar da na naira biliyan 100 a 2017 don hanyoyi.

Inda rance ba zai wadatar ba

Daga Austin muka nufi yamma, ƙasar tumaki da rijiyoyin mai. Bayan San Angelo akwai wani gari mai suna Robert Lee, mutanensa ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Tafkin E.V. Spence da suke sha ya ƙafe a farin 2011 har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mafitarsu ita ce bututu mai tsawon kilomita 19 zuwa garin Bronte da ke maƙwabtaka da su. Gari irin wannan, mai yawan tsofaffi 'yan fansho, ba zai iya ɗaukar bashin duka ba, don haka kuɗin da jiha ta sa wani rance ne, wani kuma tallafi.

Ga ƙananan garuruwa akwai wasu asusun daban. Tun 1987 gwamnatin tarayyar Amurka ke ba jihohi jarin asusun rance na magudanun ƙazanta, a 1996 ta ƙara na ruwan sha. Sharaɗin shi ne duk dala 100 da tarayya ta bayar jiha ta ɗora 20, kuma abin da aka biya ya koma cikin asusun. A ƙarƙashinsu ana iya yafe wa gari matalauci wani kaso na uwar bashin tun daga farko. A 2001 kuma Teksas ta kafa wani asusun na kanta domin karkara kawai. Ma'aunin a fili yake: mai ƙarfi ya ci rance, mai rauni a haɗa masa rance da tallafi, wanda ba shi da ko anini a ɗauke masa mafi yawa.

A wani ƙaramin gari da muka yada zango na haɗu da ma'aikacin ruwansu. Shi ke karanta mita, shi ke ɗibar samfur a kai ɗakin gwaji, shi ke haƙa idan bututu ya fashe da tsakar dare. Ya nuna mini wani kundi da ya ce ya fi tsoronsa a kan fashewar bututu: lissafin ruwan da ya bar matata da ruwan da ya isa mitar mutane. Doka ta wajabta wa masu sayar da ruwa su riƙa miƙa wannan lissafi, manya da masu bashin hukuma kuwa duk shekara. Tun 2013, garin da asararsa ta wuce ƙa'ida, idan ya nemi kuɗi, dole ya kashe wani ɓangare wajen toshe yoyo. Wanda ya nemi sama da dala 500,000 sai ya kawo tsarin tsimin ruwa. Babu mita, babu lissafi. Babu lissafi, babu rance. Na fahimci cewa kuɗin famfon da kowane gida ke biya a wata shi ne tushen komai, domin da shi ake biyan bashin.

Yamma ta koya wa mutanenta rashin ƙyama. A Big Spring, tun 2013, akwai matatar da ke karɓar ruwan da aka riga aka yi amfani da shi a gidaje, ta tace shi ta matakai masu tsanani, a gauraya shi da ruwan tafki, a sake tacewa, ya koma famfo. Ita ce irinta ta farko a Amurka. Birnin Wichita Falls ma ya yi haka daga 2014 zuwa 2015 lokacin da tafkunansa suka kusa ƙarewa. Na sha ruwan Big Spring, ban ji komai ba sai ruwa.

Unguwannin bakin iyaka

El Paso na zaune ne a cikin hamada, tana fuskantar birnin Juarez na Meksiko, kogin Rio Grande a tsakaninsu, wanda a watanni da yawa na shekara rairayi ne kawai. A nan aka buɗe matatar cire gishiri daga ruwan ƙarƙashin ƙasa a 2007, mai iya fitar da lita sama da miliyan 100 a rana, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya da ba a bakin teku suke ba. Birnin ya yi shekaru yana biyan mutane su cire ciyawar ado daga ƙofar gida su sa tsakuwa da tsirran hamada, har abin da mutum ɗaya ke amfani da shi a rana ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Amma ba matatar ce ta fi tsaya mini a rai ba. A gefen birnin, da kuma duk tsawon iyaka har zuwa gundumar Hidalgo, akwai unguwannin da ake kira koloniya. Tun shekarun 1950 dillalan filaye suka riƙa yanka gonaki marasa amfani suna sayar wa talakawa 'yan asalin Meksiko da biyan kaɗan-kaɗan, ba famfo, ba magudana, ba kwalta. Unguwannin sun haura 2,000, mazaunansu ɗaruruwan dubbai. Mutane na ajiye ruwa a durom, wani lokaci durom ɗin da aka zubar da sinadari daga ciki. Ciwon hanta da gudawa suka yi yawa. Wanda ya san yadda awon igiya ke haifar da unguwanni a bayan biranenmu zai gane hoton nan da nan.

Mazauna unguwannin ba su zauna jiran tsammani ba. Ta hanyar majami'unsu suka kafa ƙungiyoyi irin su EPISO a El Paso da Valley Interfaith a kudu, yawancin jagororin mata, suka riƙa cika motoci zuwa Austin. A 1989 majalisa ta kafa shirin yankuna masu fama da talauci, wanda yawancin kuɗinsa tallafi ne. Jama'ar jihar sun amince da takardun lamuni na dala miliyan 250 tsakanin 1989 da 1991, wasu miliyan 250 a 2007, sai miliyan 200 a 2019. Yankin da zai amfana sai kuɗin shigar gidajensa bai wuce kashi 75 cikin ɗari na matsakaicin jihar ba. An kuma haɗa da sharaɗin da ya toshe ɓarakar daga tushe: gundumar da ke son kuɗin sai ta kafa dokar hana sayar da filin zama wanda ba a tanadar masa ruwa da magudana ba. A Socorro da San Elizario, ƙasa da El Paso, na ga titunan da ke da mita a ƙofar kowane gida, inda iyayen masu gidan suka yi rayuwarsu da durom.

Ba aljanna ba ce

Baffa bai bar ni na yi ta yabo ba kai ba gindi. Ya tuna mini da sanyin Fabrairun 2021, lokacin da wuta ta ɗauke, bututai suka daskare suka farfashe, mutum sama da miliyan 14 suka shiga matsalar ruwa, shi kansa ya narka ƙanƙara a tukunya. Har yanzu akwai koloniyoyin da tanka ke kai wa ruwa. Tsofaffin bututai na zubar da ruwa mai ɗimbin yawa kowace shekara. Tun hukuncin kotu na 1904 mai fili ke da ikon zuƙar ruwan ƙarƙashin filinsa ko da rijiyar maƙwabci za ta ƙafe, sai inda hukumar yanki ta taƙaita. Shekaru da dama kuma ana takaddama kan tafkin Marvin Nichols, wanda yankin Dallas ke so, manoma da masu katako na arewa maso gabas kuma suka ce zai cinye musu ƙasa.

Abin lura shi ne inda ake kai waɗannan matsaloli. Bayan guguwar Harvey ta 2017 majalisa ta kafa asusun yaƙi da ambaliya a 2019, da dala miliyan 793. A 2023, bisa ƙudurin Sanata Charles Perry na Lubbock, aka kafa Asusun Ruwa na Teksas da dala biliyan 1, don gyaran tsofaffin bututai, musamman a ƙananan garuruwa, da neman sababbin hanyoyin ruwa. A Nuwamban 2025 masu ƙuri'a suka amince a riƙa keɓe har dala biliyan 1 kowace shekara daga harajin saye da sayarwa, tun daga 2027 har shekara 20. Majalisar da ke yin wannan aiki sau ɗaya take zaman ƙa'ida a shekara biyu, na kwana 140, kuma jiha ce da aka sani da ƙin haraji da ƙin kashe kuɗin gwamnati. Duk da haka kan ruwa sun sha komawa akwatin zaɓe suna cewa e.

Ba arzikin Teksas na yi wa sha'awa ba, domin arziki rabo ne, kuma ba jiharmu da za ta ajiye dala biliyan 2 gobe. Abin da na yaba ba ya bukatar rijiyar mai: a rubuta bukatar kowane gari kafin a taɓa kuɗi, a ware asusun da sabon gwamna ba zai iya kwashewa ba, a bambanta wanda zai iya biya da wanda ba zai iya ba, a sa mita, a karanta lissafi a bainar jama'a. A wurinmu ruwa yakan zo ne a matsayin kyautar ɗan siyasa, burtsatse mai ɗauke da sunansa, wadda idan famfonta ya lalace ba a san mai gyara ba. Samar da ruwan sha a garuruwan Nijeriya aikin jihohi ne, kowace kuma tana da majalisa mai ikon yin doka. Jari ƙarami da ke dawowa ya fi babba da ake rabawa sau ɗaya. Idan ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a da alkawarin burtsatse, ku karɓa, sannan ku tambaye shi wane ƙuduri ya kai zauren majalisa da zai sa a gyara ta bayan ya sauka.